Yadda Mijina Ya Wanke Tafkin Likita

Ba a gama rufe ƙofa a bayan motar da ta ɗauki Likita ba, mijina ya juya ya dubi tafkin iyon da ke tsakiyar gidan, ya goya hannu a baya, ya ce, "Wannan ramin kuɗi yake sha, ba ruwa ba."

Na ce, "Ai ba kuɗinmu ba ne."

"Shi ya sa ma. Amana ce."

Sana'ar mijina wanki da guga. Ba zan ci haƙƙinsa ba, in ya wanke maka farar riga sai ka rasa inda za ka zauna da ita. Aibinsa ɗaya ne: ba a taɓa gaya masa wani abu ya ce yau ya fara ji ba. Ko abin da bai faru ba tukuna ka kawo masa, zai ce ya sani. Duk layinmu Na-Sani ake kiransa, yana kuma amsawa, don shi a ganinsa yabo ne.

A ɗakuna biyu na bayan gidan Likita muke, ni da shi da yara. Inda muka baro, in hadari ya haɗu sai mu fara jera kwanoni a kan katifa. Likita tsohuwa ce, likitar ido da ta ajiye aiki, ita kaɗai a babban gida, ta ba mu ɗakunan ba haya don mu riƙa kula da wurin. Da za ta tafi ƙasar waje wajen 'yarta da ta haihu, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, in na dawo na tarar da gidan nan yadda na bar shi, ku zauna har ku gaji. Tafkin nan dai na roƙe ku. Tun da aka yi mini aiki a ƙugu, tafiyar da nake yi a cikin ruwan nan da safe ita ke riƙe da ni a tsaye."

Ta bar ambulan a hannun mijina, na kuɗin maganin ruwa, da na wuta, da na mutumin da ke zuwa dubawa. Mijina ya ɗaga ambulan ɗin ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Haka zan mayar mata da shi, da nauyinsa. In ta ga haka, uwar yara, ba ɗaki biyu ba, har ɗakin ajiya sai ta ƙara mana."

Na ce ni biyun ma sun ishe ni. Ya ce shi ya sa ba ni aka bar wa ambulan ba.

Da mai duba ruwan ya zo a kan babur da robobinsa, mijina ya tare shi a bakin tafki.

"Mene ne wannan da kake zubawa?"

"Kulorin."

"Na sani. Bilic ne da ya je makaranta. Wancan injin fa da ke gurnani a lungu, me yake yi ba dare ba rana?"

"Yana jan ruwan ne, ya tace, ya mayar."

"Ya ɗauka a nan, ya mayar nan?"

"E."

"Kuma a biya masa wuta." Mijina ya girgiza kai. "Ni in na ɗauki kayan mutum na zagaya gari na dawo masa da su yadda suke, wa zai biya ni?"

Ya sallame shi, ya kashe injin. Mutumin ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya buga babur ɗinsa.

Da farko ruwan ya yi shiru, ya yi kyau, har mijina ya kira ni in zo in ga abin da hutu ke yi wa ruwa. Sai ya fara hazo. Sai gefe-gefe ya yi kore, koren ya bi bango ya sauka, wata safiya muka tashi muka tarar da shi kamar an matse ganye. Mijina ya ce inuwar bishiya ce. Bishiya ɗaya ce a gidan, tana can bayan ɗakin girki.

Baba Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya shigo kawo ɗinki a goge masa. Ya tsaya a bakin tafkin, ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci.

"Na-Sani, ciyawa ka shuka?"

"Ruwa ne ya dawo hayyacinsa, Baba Tela. Shekara da shekaru ana ɗura masa magani. Yanzu ya koma asalinsa."

"Ashe asalinsa kududdufi ne."

"Kai me ka sani a kan ruwa?"

"Na san in ya yi haka ba a sa tsohuwa a ciki."

Kwaɗi suka tare, da iyalansu. Sauro ya biyo baya. Matar Lauya, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta hau kujera ta leƙo da sassafe da ɗankwali a karkace.

"Maƙwabta! Mijina yana da shari'a yau, kwaɗinku ba su bar shi ya runtsa ba. Ga ƙafafun yarana duk cizo."

Mijina ya ajiye dutsen guga. "Ki kwantar da hankalinki. Na riga na ɗauki ma'aikata, yau za su iso. Ba albashi, ba hutu, ba ƙorafi."

Da rana aka sauke masa jarkoki cike da ƙananan tarwaɗa. Na tambaye shi da me ya saya. Ya ce ambulan ɗin ya ɗan taɓa, amma jari ne, ba kashewa ba. Kifin zai cinye 'ya'yan sauro, ya cinye 'ya'yan kwaɗi, ya lashe gansakuka har bango ya fito fes, sannan a sayar da shi a mayar da kuɗin da riba.

Gaskiya ma'aikatan sun yi aiki. Suka cinye 'ya'yan sauro, suka cinye 'ya'yan kwaɗi. Gansakuka ce dai ba su kula ba. Da abinci ya ƙare sai manyan suka fara cin ƙanana, dole aka sake taɓa ambulan aka sayo musu buhun abinci. Ruwan ya bar kore ya koma ruwan ƙasa, ya ɗauki wani wari da ke tarar mutum tun daga bakin titi. Masu kawo wanki suka fara tambaya ko da wannan ruwan ake ɗauraya. Wani mai gidan abinci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce an kwatanta masa gonar kifi. Mijina ya ba shi kujera, ya yi masa bayanin kiwo har la'asar.

Ni dai na ƙara tsawon sujada. In na idar sai in dubi rufin ɗakinmu, busasshe, ba ko tabon ruwa, in sake ɗaga hannu.

Ina tsakar gida ina shanya wayata ta yi ƙara. Likita ce.

"'Yata, ƙarshen makon nan ina hanya. Ƙugun nan ya dame ni, ba abin da nake mafarki sai ruwana. Yaya tafkin?"

Na ce, "Cike yake, Mama Likita."

Cike kuwa yake. Duk da haka na yi istigfari. Daidai nan wata ƙatuwar tarwaɗa ta yi tsalle ta faɗa, fanjam.

"Wa ke iyo?"

Mijina ya karɓe wayar. "Gwaji ake yi, ranki ya daɗe. Kullum sai an gwada."

Da ya kashe wayar ya daɗe yana kallon ruwan. Na zaci zai ce a kira mai babur. Sai ya naɗe hannun riga.

"To, yanzu aiki ya zo hannun mai shi. Datti dai datti ne, ko a wuyan riga ko a rami. A jiƙa, a cuɗa, a ɗauraye, a sa bula. Wane ne ya fi ni a nan?"

Aka fara da sallamar ma'aikata. Ba raga, sai ya ɗauko babban zanen gado na wani mai kawo wanki, ya riƙe gefe, Baba Tela ya riƙe gefe, suna ja suna zage-zage, kifi yana sulɓewa ta tsakiya.

"Ɗaga naka ɓangaren, Baba Tela!"

"Na ɗaga! Kai ne kake riƙe shi kamar mai jin kunyar kifi!"

Har yamma kafin a kwashe su. Mai gidan abincin da aka aika masa ya zo ya shinshina, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Aka rarraba wa maƙwabta. A ranar dai ba wanda ya zage mu.

Washegari ya juye buhun garin sabulu a tafkin, ya zagaya yana barbaɗawa kamar mai sa taki. Ya ce saura cuɗa, kuma ba zai cuɗa rami da hannu ba alhali ga inji yana zaman banza. Ya kunna.

Ban taɓa sanin kumfa tana da tsayi ba sai ranar. Ta cika tafkin, ta hau dakali, ta rufe kujerun hutawar Likita, ta bi tukwanen furanni ɗaya bayan ɗaya. Iska ta taso ta riƙa yankar ta gaɓa-gaɓa tana tsallakawa da ita katanga. Yaran layi suka cika ƙofa. Mijina yana tsaye a ciki har ƙirji, kansa kaɗai ake gani, yana cewa, "Kun gani? Dattin ne ke fita."

Kan matar Lauya ya bayyana a saman katanga, da kumfa a kafaɗa.

"Na-Sani, motar mijina tana cikin nan wani wuri. In ka gamu da ita ka ce muna nemanta."

"An wanke muku kyauta, ko godiya babu."

"Kyanwata fa?"

"Ita ma."

Injin ya yi tari, ya yi wani kuka kamar an taka masa wuya, hayaƙi ya fito daga lungun, ya yi shiru. Na ce, "Inna lillahi." Mijina ya leƙa ya dawo ya ce ya gama aikinsa ne, shi ya sa ya tsaya.

Saura ɗauraya. A nan aka samu cikas, don ba injin da zai fitar da ruwan, kuma motar ruwan da za ta cika sabo ta fi ƙarfin abin da ya rage a ambulan. Ya tafi kasuwa ya dawo da alif, irin wanda ake jefawa a ruwa mai laka ya kwanta. Ya daka, ya zuba. Da ya kwana ɗaya, dattin ya sauka ƙasa gaba ɗaya: gansakuka, abincin kifi, abin da kifin ya bari, sabulu. Saman ya zama kalar ruwan wanke-wanke.

"Haka farar riga take kafin bula," in ji shi.

Ya zuba duk bular wankin da yake da ita, tafkin ya shanye ko alama babu. Ya aika aka sayo ta layin gaba ɗaya, ya shanye. Sai ya koma kasuwa ya sayo garin rini shuɗi, ya ce wa mai sayarwa ya ba shi irin wanda ba ya zuba. Ya dama a bokiti ya watsa, ya motsa da sandar kwashe ganye.

Ba zan ɓoye ba, na ce Masha Allah kafin in tuna abin da ke ƙasa. Shuɗi ne mai zurfi, mai sheƙi, irin wanda ake gani a hoton kalanda. Baba Tela ma ya zo ya tsaya bai ce komai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da safen ranar da Likita za ta dawo, na tsuguna na tsoma ɗan yatsa. Ya fito shuɗi har gaɓa ta biyu, yana ƙaiƙayi. Na wanke da sabulu, na goga da soso, na yi alwala. Yana nan. Na kai wa mijina.

"Dubi."

"Na sani. Fatarki ce mai kama launi. Ki sa hannun cikin mayafi."

"Tsohuwa ce fa, kuma an yi mata aiki."

"Ba yau za ta shiga ba, mutum da gajiyar hanya. Kafin gobe ya kwanta. Ko so kike ki mayar da yaran nan ƙarƙashin kwanoni?"

Sai a lokacin na lura da abin da ke jikinsa: farar riga da wando masu tsada, sun sha sitaci, suna ƙara in ya motsa.

"Wannan ba kayan Lauya ba ne?"

"Aro ne."

"Ya sani?"

"Zai same su a goge kamar kullum. Mutum ba ya miƙa amana da tsumma."

Ya gayyaci Baba Tela, da matar Lauya, da mai kemis na kan kwana, da duk wanda ya ci kifi, su zo taryar Likita su kuma shaida. Suka jeru a bakin tafki. Matar Lauya ta dubi rigar, ta sake dubawa, ta ce, "Wannan ɗinkin kamar na san shi." Baba Tela ya ce shi ma. Mijina ya ce ai yayi ne.

Likita ta sauko daga mota da sandarta, ta rame, tana jan ƙafa. Aka gaisa, aka yi barka da jika. Ko ɗaki ba ta shiga ba ta nufi tafkin. Ta tsaya.

"Ikon Allah. Ban taɓa ganinsa haka ba."

"Ba za ki taɓa ba, ranki ya daɗe," in ji mijina. "Ba kulorin, ba inji, ba mai babur. Ga kuma sauran kuɗinki." Ya taɓa aljihun gaba inda ambulan ɗin yake, ya zama siriri kamar takardar magani.

Likita ta ƙanƙance ido. "Ba na ganin matakala."

"Kyau ne ya yi zurfi."

"To madalla. Riƙe mini sandar nan, 'yata. Ko ƙafa in tsoma, ƙugun nan tun cikin jirgi yake cizo na."

Ta miƙo mini sandar, ta tuɓe takalmi, ta kama ƙarfen da ake riƙewa a sauka. Mijina ya dube ni, ya ɗan girgiza kai. Ta bayan kafaɗarsa ina hango ƙofar ɗakinmu da labulen da na ɗinka mata da hannuna. Ƙafar Likita ta tashi daga ƙasa, siririya, da jijiyoyi.

Na ce, "Mama Likita, kada ki shiga."

Na fito da hannuna daga mayafi na ɗaga yatsan.

Likita ta mayar da ƙafarta. Ta kama yatsan ta juya shi a rana kamar yadda take duba ido.

Mijina ya yi dariya shi kaɗai. "Mata da tsoro! Biro ne ya fashe mata. Ruwan da nake shiga kullum?"

"Kullum?" in ji Baba Tela. "To nuna mana yadda kake yi."

"Da kayan jikina?"

"Ƙafa kawai. Ai ka sani."

Mijina ya tattare wandon Lauya zuwa gwiwa, ya ɗaga haɓa, ya taka matakalar farko. Abin da alif ya kwantar yana nan a kanta, da sabulu a ciki. Ban ga faɗuwarsa ba, tafin ƙafafunsa kawai na gani suna kallon sama, sai ruwa ya rufe.

Sannan ƙasan tafkin ya taso. Wani baƙin gajimare ya buɗe a tsakiyar shuɗin, ya yaɗu, kumfa ta biyo shi, warin ya biyo kumfar. Mai kemis ya ja da baya ya toshe hanci. Kan mijina ya fito, ya buɗe baki zai yi magana, ya koma. A nan ne layinmu ya gano akwai abu ɗaya da Na-Sani bai sani ba: iyo. Baba Tela ya miƙa masa sandar kwashe ganye, mai kemis ya kama ƙugun Baba Tela, aka jawo shi kamar yadda aka jawo ma'aikatansa.

Ya tsaya a dakali yana ɗiga. Shuɗi tun daga gashi har farce, har cikin kunne, sai fararen ido. Rigar ta kama rinin da kyau, mai sayarwa bai cuce shi ba.

Matar Lauya ta matso, ta juya wuyan rigar ta duba ciki, ta saki.

"Yanzu na gane ta," ta ce. "Bari in kira mai ita."

Mijina ya zura hannu a aljihu ya zaro ambulan ɗin, ya miƙa wa Likita da hannu biyu. Ta karɓa da yatsa biyu. Abin da ke ciki ma ya rinu.

"Ba a ƙarasa ba ne, ranki ya daɗe," ya ce, haƙoransa na kaɗawa. "Saura shanya."

Likita ta juya. Ta dubi tafkin, ta dubi lungun injin da ya yi baƙi, ta dubi furanninta da kumfa ta ƙone. Ta karɓi sandarta a hannuna. Na sunkuyar da kai ina lissafin inda zan samo kwalayen kwashe kaya.

"'Yata, tun yaushe kike tare da shi?"

"Tun kafin a yi wa layin nan kwalta, Mama Likita."

"Kullum haka yake?"

"Wani lokacin yana barci."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Zauna. Ba zan ƙara miki da neman gida ba."

Gyaran ya ɗauki lokaci, kuma mijina ne ya kwashe taɓon ƙasan da bokiti, mai babur yana zaune a kujerar hutawa yana nuna masa inda ya tsallake. Lauya bai kai ƙara ba, ya dai ce wankin gidansa kyauta ne har sai ya huce, kuma har yau bai huce ba. Launin ya bar fuskar mijina a hankali, kunnuwan ne suka daɗe. A masallaci yara suka riƙa rige-rigen tsayawa a sahun bayansa.

Kafin a sake cika tafkin Likita ta kira mai walda, ya ja shingen ƙarfe tsakanin ɓangarenta da namu, da 'yar ƙofa da kwaɗo. Ta kira ni gaban kowa ta sa makullin a tafin hannuna, ta ce ni da yara mu shiga duk lokacin da muka so. Mijina kuwa ta ƙofar baya zai riƙa fita, in ya taka ɓangarenta sau ɗaya, mu duka mu tattara.

Mijina ya gaya wa Baba Tela cewa Likita ta yi masa shinge ne don masu neman shawara kada su dame shi. Da yamma sai ya ɗauki kujera ya zauna a jikin ƙarfen, yana sauraron sabon injin yana gurnani, yana tsaki a hankali.

Makullin na sa masa igiya na rataye a wuya. Da shi nake salla, da shi nake kwana.